Matar nan da doki mai ƙaho ɗaya: jinjirin watan na wane ne?

Maman Nabila: Assalamu alaikum 'yan gida. Jiya Asabar ruwan sama ya tsare mu a tsakiyar Paris, sai na ja Nabila muka faɗa gidan tarihi na Cluny don mu fake. Ashe rabon kallo ne ya kai mu. Akwai wani ɗaki mai duhu-duhu da aka rataye wasu manyan saƙe-saƙe guda 6 a bango, kowanne ya fi bangon falona girma. Jajaye ne, an watsa musu ƙananan furanni da zomaye da tsuntsaye ko'ina. A tsakiyar kowanne akwai wani tsibiri mai shuɗi-shuɗi, wata mata doguwa a kai cikin kayan alfarma, zaki a gefe guda, a ɗaya gefen farin doki mai gemun akuya da ƙaho ɗaya tal a goshi. Abin da ya tsayar da ni shi ne tutocin da dabbobin nan suke riƙe: jan ƙyalle, shuɗin layi a karkace, sannan jinjirin wata guda uku a jere. Har sandunan tutar ma an yi musu ado da wata. Nabila ta ce "Mama, na Musulmi ne?" Na rasa amsa. To, tambayoyina biyu ne. Me za mu kira wannan abu da Hausa? Kuma watan na wane ne?

Gwani na Zango: Wa alaikumus salam Hajiya. Ta farkon ai ba wuya: darduma ce da ta samu ƙarin girma ta hau bango.

Ɗan Masaƙa: Kafin a raɗa suna, Hajiya, ki faɗa min: hoton a cikin saƙar yake, ko an saƙa ƙyalle ne aka zo aka bi shi da allura? Domin aiki biyu ne daban. Aska takwas da ke gaban babbar riga ɗinki ne, an gama saƙa tukuna mai allura ya hau kai. Amma ratsin da ke jikin luru ko gwado, da shi aka haife shi, in ka zare ratsin ka zare bargon.

Maman Nabila: A cikin saƙar yake, Baba. Na matsa har mai gadi ya yi min gyaran murya. Ba ƙyalle a ƙarƙashi, zaren launin shi ne jikin abin. A rubuce sun ce ulu da siliki, wajen shekarar 1500.

Ɗan Masaƙa: To saƙar bango ke nan. Ni dai haka zan kira ta. Darduma ana taka ta, wannan kuwa wanda ya taka ya taka gonar wani.

Abu Sumayya: A kan batun watan, ni na taɓa jin labarin. Wani ɗan sarkin Turkiyya ne Turawa suka tsare a Faransa, ya kamu da son wata Bafaranshiya, shi ya sa aka saƙa mata su, ya sa watan a matsayin shaidar addininsa. Don haka Nabila ta yi gaskiya. Kayanmu ne da yawa a gidajen tarihin nan nasu, sai dai su sauya suna.

Malam Buba: Allah ya gafarta Malam, labarin da ka ji akwai shi, ba kai ka ƙirƙira ba, kuma ɗan sarkin ma mutum ne na gaske. Sunansa Jem, Faransawa suna ce masa Zizim, ɗan Sarki Muhammadu na Biyu wanda ya ci Kustantiniyya a 1453. Da uban ya rasu a 1481 sai rigimar gado ta tashi tsakaninsa da wansa Bayazidu na Biyu. Jem ya sha kaye, a 1482 ya gudu tsibirin Rhodes wurin mayaƙan Kirista da ke riƙe da shi. Su kuwa suka ga kadara ta kawo kanta. Suka wuce da shi Faransa, Bayazidu yana biyansu maƙudan kuɗi duk shekara don kada su sake shi. An ajiye shi a wani gari, Bourganeuf, inda har yau akwai hasumiyar da ake kira da sunansa. A 1489 aka miƙa shi ga Fafaroma, ya rasu a Italiya a 1495 bai sake ganin gida ba.

To ina haɗinsa da saƙar? Maƙwabtaka ce kawai. A ƙarni na 19 saƙe-saƙen suna rataye a wani tsohon gidan sarauta a Boussac, yanki ɗaya da Bourganeuf. Mutanen wurin suka ga wata a tuta, suka tuna da Baturken da aka taɓa tsarewa a yankinsu, suka ɗaura auren labari biyu. Amma kayan ba su iso Boussac ba sai a ƙarni na 17, ta hanyar aure da gado, Jem ya daɗe a kabari. Tutar kuwa an san mai ita. Tambarin wani gida ne, Le Viste, 'yan asalin birnin Lyon, lauyoyi da alƙalai da suka yi sama a hidimar sarkin Faransa. Abin da masana ke jayayya a kai shi ne wane ne a gidan ya biya, Jean wanda ya rasu a 1500, ko Antoine da ya biyo baya.

Abu Sumayya: Malam Buba, ban ƙi ta taka ba, amma me zai kai Kirista ya zaɓi jinjirin wata har uku? Ruwa ba ya tsami banza.

Malam Buba: Wata na kowa ne, Malam, a kan kowa yake fitowa. Gidajen Turai da yawa sun sa shi a tambarinsu kamar yadda wasu suka sa tauraro ko zaki ko hasumiya. Mu da muka tashi muka ga wata a kan hasumiyar masallaci da tutar Turkiyya, shi ya sa idonmu ke karanta shi haka.

Amma in haɗin gaske kake nema tsakanin saƙar bango da sarakunan Musulmi, ga shi. A 1396 an gwabza a Nicopolis, bakin kogin Danube, ƙasar Bulgeriya ta yau. Sarki Bayazidu na Farko, wato kakan-kakan wancan, ya ragargaza rundunar Turai, ya kama ɗan mai sarautar Burgundy, Jean. A cikin kayan da aka aika wa Bayazidu ana neman sakin yaron har da saƙar bango ta garin Arras mai ɗauke da labarin Iskandar na Makidoniya. Ka ga darajar abin ke nan: kyautar da ake shiga gaban sarki da ita a roƙi ran ɗa. Arras ɗin nan ta yi suna har Italiyawa suna kiran kowace saƙar bango arazzo.

Gwani na Zango: Wato dai a taƙaice, wani lauya ne ya yi sabon kuɗi, ba jinin sarauta ba, ya ce bari in cika bango da tambarin gidanmu kowa ya gani. Hajiya, sau nawa tambarin ya fito a kowace ɗaya?

Maman Nabila: Ban ƙirga ba Gwani, amma da yawa. A tuta, a garkuwar da ke rataye a jikin dabbobin, a wata ma mayafi aka yafa musu mai tambarin.

Gwani na Zango: Shi ke nan. Kirari ne da zare. Mu nan mutum ya samu sai ya kira maroƙi, su can sai ya kira masaƙi. Bambancin kawai, na masaƙi ba ya dishewa. Duk sauran fassarar da za a kawo ƙarin gishiri ne.

Rifkatu Wusasa: Yaya Gwani, ka yi saurin rufe littafin. Tambarin gaskiya ne, amma in nuna arziki kaɗai ake so, me ya sa ba a saƙa maigidan a kan ingarma ba? Me ya kawo wannan dabbar? Mutumin wancan zamanin da ya ga doki mai ƙaho ɗaya, ya san labarinsa tun daga coci. Tsoffin littattafan dabbobi da suke karantawa sun ce ba maharbin da ke iya kama shi da ƙarfi, sai an zaunar da budurwa a daji, shi da kansa zai zo ya ɗora kai a cinyarta. Malaman coci suka fassara shi da Yesu da ya sauko ta cikin Maryamu. Mawaƙan soyayya kuma suka ɗauke shi suka ce saurayi ne da so ya ɗaure. Ma'ana biyun tare suke tafiya, ba wanda ya ga cin karo.

Akwai wasu guda 7 a New York, a gidan tarihi na Cloisters, na tsakanin 1495 da 1505, su farautar dabbar suka nuna. A ɗaya ta durƙusa tana tsoma ƙahonta a rafi don ta kashe dafin ruwan, sauran namun daji suna jira su sha. Aka bi ta da karnuka da masu, aka kashe, aka kawo gawar a bayan doki. Sai kuma ga ta a wata saƙar da ranta, kwance cikin ɗan shinge, an ɗaure ta da sarƙa a jikin bishiyar rumman. Akwai ja-ja a farin gashinta, ka ce jini ne, in ka duba sama sai ka ga rumman ne ya fashe yana ɗiga. Mai ibada ya ce tashi daga matattu. Mai shirin biki ya ce ango ne ya shiga hannu, rumman kuma 'ya'ya. Masu ilimin tsirrai sun ƙirga iri 101 a cikin saƙe-saƙen, sun gane 85 da sunansu. Mai fariya kawai ba ya wahalar da kansa haka.

Gwani na Zango: Ƙanwata, ba shi ya wahala ba ai, kuɗinsa ne suka wahala.

Ummi Zazzau: Don Allah ku yi haƙuri da tambayar yara. Dabbar nan ta taɓa wanzuwa ne? Ko karkanda suke nufi?

Malam Buba: Ba tambayar yara ba ce, Ummi. Kalmarmu karkanda daga Larabci take, karkaddan, kuma a tsoffin littattafan Larabawa da Farisawa ma an cakuɗa ta da labaran dabba mai ƙaho ɗaya. Matafiyin nan ɗan Italiya Marco Polo da ya ga karkanda ido da ido a Sumatra ya ɗauka ita ce, ya koma yana ƙorafin cewa mummuna ce mai son taɓo, ba ta yi kama da wadda ake ba da labari ba. Ƙahon da Turawa suke saye da tsada kuwa, dogo mai murɗe kamar igiya, haƙorin wata dabbar ruwa ce ta tekun ƙanƙara, can arewa wajen Greenland. 'Yan kasuwa suka ɓoye asalinsa, sarakuna suna saye don maganin sammu da guba a abinci. Duba hoton da kyau, murɗin ƙahon irin na haƙorin ne sak.

Maman Nabila: Bari in ba ku abin da na gani ɗaya bayan ɗaya, tunda gani ya kori ji. A ɗaya, matar tana ɗaukar alewa daga kwanon da baiwarta ta miƙo, ɗan aku a hannunta, biri a ƙasa yana kai wani abu baki. A wata tana kaɗa wani ƙaramin abin kiɗa mai bututu, baiwar tana hura masa iska ta baya. A wata tana kitsa furanni, birin ya saci ɗaya yana shinshinawa. A wata tana zaune, dokin ya ɗora ƙafafunsa na gaba a cinyarta, ta riƙe masa madubi yana kallon kansa, fuskarta kamar mai gajiya ko tunani. A ta biyar tana tsaye ƙiƙam, hannu ɗaya a sandar tuta, ɗaya a ƙahon. Sun ce ɗanɗano, ji, shaƙa, gani, taɓawa.

Abin dariya, da nake fassara wa Nabila sai na ga mu Hausawa biyu muka raba su. Na ji daɗin alewa, na ji kiɗa, na ji ƙanshi, na ji laushi. Gani ne kaɗai ya ware. Da Bahaushe ne ya ba da kwangilar, saƙa biyu ta ishe shi, ya adana kuɗinsa.

Ummi Zazzau: To ta shidan fa, Anti?

Maman Nabila: Ita ce babbar, tsayinta ya kusa mita 4, faɗin ya haura haka. Akwai shuɗin tanti a bayan matar, zaki da dokin sun ɗage labulensa. A saman tantin an rubuta A MON SEUL DESIR, wato kamar a ce "ga muradina kaɗai" ko "bisa son raina kaɗai". Baiwar ta riƙe buɗaɗɗen akwati, matar kuma da sarƙar wuya a hannu cikin wani ƙyalle, daidai bakin akwatin. Nan gizo ke saƙar: sakawa take yi ko ɗaukowa?

Gwani na Zango: Ɗaukowa mana! Lefe aka kawo. Wace mace ce za a buɗe wa akwati ta mayar da sarƙa? Ga tanti an kafa, ga ango mai ƙaho yana riƙe labule. Biki ne.

Rifkatu Wusasa: Yaya Gwani, ka taɓo wani abu ba ka sani ba, don akwai masana da ke ganin kyautar aure ce. Suna karanta harafin A da na I a gefe biyu na rubutun, su ce Antoine ne da matarsa Jacqueline. Amma fassarar da ta fi yawo ita ce mayarwa take yi. A sauran biyar ɗin da sarƙa a wuyanta, a nan wuyan fayau. Kuma akwai wani babban malami, Jean Gerson, shugaban jami'ar Paris da ya rasu a 1429, wanda a wa'azinsa yake cewa bayan ƙofofi biyar na jiki akwai ta shida a ciki, ita ce zuciya, ita ke jan linzamin sauran. In haka ne, rubutun yana nufin "da zaɓin kaina": ta ɗanɗana, ta ji, ta gani, yanzu ta tuɓe adon ba wanda ya tilasta ta.

Gwani na Zango: Mutum ya kashe kuɗin gida guda a kan siliki don ya gaya mana duniya ba komai ba ce. Na san irinsu, har a unguwarmu akwai.

Abu Sumayya: Maganar zuciya dai ba baƙuwa ba ce a wurinmu, tsoka ce da in ta gyaru jiki ya gyaru. A nan na fi karkata ga 'yar'uwa Rifkatu. Sai dai ina da wata magana: duk wannan yabo da muke yi, hotunan masu rai ne fa a rataye. Hadisin Nana A'isha sananne ne, labule mai hotuna da ta rataya, Manzon Allah (SAW) ya nuna ƙinsa, aka yanka shi aka yi matasai.

Mai Kula da Zaure: Malam, an ji, kuma Allah ya saka. Hukuncin ratayawa a gida a kai shi zauren fiƙihu, akwai masu shi. Nan tarihin abin muke bi. A ci gaba.

Ɗan Masaƙa: Tun ɗazu ina jinku, lauya, ɗan sarki, malamin jami'a. Ba wanda ya tambayi wanda ya zauna a kan kujerar. Ni jikan masaƙi ne, na yi wadari da ƙafata tun ina ɗan shekara bakwai, don haka bari in yi magana a kan abin da na sani, in haɗa da abin da na karanta.

Saƙarmu, ƙoshiya tana tafiya daga wannan baki zuwa wancan, ka buga, ka sauya ƙafa, ta dawo. Tasu ba haka ba ce. Zaren tsaye fari ne, kuma ba za ka gan shi ba in an gama, an binne shi. Kowane launi da ɗan kwarkwaronsa, kuma iyakar inda launin ya tsaya a hoto nan zaren yake juyawa. Idon zomo kaɗai sai a sauya zare sau nawa. Inda launi biyu suka haɗu a miƙe sai tsaga ta fito, daga baya a bi da allura a rufe. Inuwar tufafi kuwa, ba su da launuka barkatai, sai su shigar da wani launi cikin wani kamar haƙoran mataji, daga nesa ido ya haɗa da kansa.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ta baya suke saƙawa. Mai zane ya zana hoton da girmansa, a shimfiɗa a ƙarƙashin zaren, masaƙi yana leƙawa ta tsakanin zare yana bi, fuskar aikin tana kallon ƙasa. Kuma yawanci a kwance hoton yake, matar nan da kuke gani a tsaye, a gicciye aka saƙa ta. Mutum huɗu ko biyar a jere a kan masaƙa ɗaya, kowa da yankinsa, abin da aka gama a naɗe shi. Sai ranar da aka yanke aka baje za su ga abin da suka yi wata da watanni suna yi. Gwani a aiki mara ƙanƙanta yakan yi kamar murabba'in mita ɗaya a wata, mai ƙanƙanta bai kai haka ba. Ku auna bangon Hajiya ku lissafa.

A Brussels, a 1476, ƙungiyar masu zane ta sa aka hana masaƙa zana mutane da kansu, aka bar musu ganyaye da furanni da ƙananan dabbobi. Sai a 1528 aka wajabta saka alamar gari da ta mai masaƙa a gefen aiki. Shi ya sa waɗannan na Cluny, da suka riga dokar, an san tambarin mai biya, hannun da ya saƙa kuwa shiru. Ni in na kalli hoton, zomayen nake kallo.

Maman Nabila: Baba, wallahi ka sa na ji kunya. Na tsaya minti arba'in a ɗakin ban tuna da su ba.

Ɗan Kawar: Gaisuwa daga Bilma. Baba ya yi maganar zare, bari in ƙara ta rini. Launuka uku ne uwayen aikin, duk daga tsiro: ja daga saiwar wani tsiro, rawaya daga wani, shuɗi daga wani ganye da suke nomawa wajen Toulouse da Amiens. Ganyen nan ba baba ba ne, amma sinadarin da ke cikinsa shi ne dai na babanmu, kuma su ma sai sun tsima shi ya yi wari kamar marinar Ƙofar Mata. Kore kuwa rini biyu ne, shuɗi da rawaya. Rawayan ba ya jure haske, shi ya sa ciyawa da ganye a tsoffin saƙe-saƙen suka koma shuɗi-shuɗi.

Ja da rawaya ba sa kama ulu sai da alif, wannan dai da muke jefawa a randa ruwa ya kwanta. Turai ta daɗe tana sayo shi daga gabas, har Turkawa suka karɓe ma'adinan Phocaea, a gaɓar Turkiyya ta yau, a 1455. Bayan 'yan shekaru aka gano shi a Tolfa kusa da Rum, Fafaroma ya riƙe cinikin. Mu ma nan Kawar, masanin labarin ƙasa al-Idrisi ya rubuta tun ƙarni na 12 cewa ana fitar da alif ɗinmu zuwa Masar da Magrib. Ban ce namu ne a jan Hajiya ba, kada Malam Buba ya kama ni.

Malam Buba: Ka tsira, Ɗan Kawar. Ina so in ɗan taimaki Gwani, don an yi masa taron dangi. Manyan wancan zamani ba sa zama gida ɗaya, yau nan gobe can, kuma gidajen dutse ne masu sanyi. Zanen bango ba ya bin ka, saƙa kuwa a naɗe a ɗora a keken doki, a isa a rataya, kango ya zama fada cikin yini ɗaya. Har fagen yaƙi ake zuwa da su. A 1476 mutanen Siwizalan suka fatattaki Charles mai sarautar Burgundy a Grandson, ya bar sansaninsa da kaya, har yau akwai saƙarsu mai dubban furanni a gidan tarihin Bern, da tambarin ubansa a tsakiya. Henry na Takwas na Ingila ya mutu a 1547 ya bar sama da 2,000.

Kuma akwai waɗanda kirari ne tsagwaronsa. A 1471 sarkin Fotugal Afonso na Biyar ya ci Asila da Tanja a gaɓar Maroko. Aka saƙa yaƙin a manyan saƙe-saƙe 4, kowanne kusan mita 11, suna wani coci a Pastrana ta Sifen yanzu. Jiragen ruwa, tutoci, sulke, sarki a kan doki. A ta Tanja, a gefe guda, ga mutanen gari suna ficewa da ƙunshin kaya a ka da 'ya'ya a hannu. Masaƙan can arewacin Turai ba su san Maroko ba, sai suka yi wa Tanja gine-gine irin na garinsu. Malam Abu Sumayya, in Musulmi kake nema a saƙar bango, ga su nan, a bakin ƙofa suna fita.

Abu Sumayya: Inna lillahi. Wannan kam ban sani ba. Na janye batun ɗan sarkin, amma zan nemi hoton Tanjar in gani.

Rifkatu Wusasa: Mafi girma a cikin na da ɗin tana Angers, ita ma a Faransa. Louis na Anjou, ƙanen sarki, ya sa aka yi ta a shekarun 1370, aka gama wajen 1382, labarin Wahayin Yahaya daga farko har ƙarshe. Asalinta kusan mita 140. Mutanen da suka ga annobar 1348 kuma suna tsakiyar yaƙi da Ingila, an saƙa musu Mutuwa a kan doki, gawa ce mai yaƙe haƙora. A 1480 aka bar wa babban cocin garin ita gado. Da zamani ya juya aka daina yayinta, sai aka yayyanka, ana rufe bishiyar lemo da ita saboda sanyi, ana yafa wa dawaki, ana goge ƙafa. Wani limamin coci, Joubert, shi ya bi ya tattaro guntayen tun daga 1848. Kusan mita 100 aka samu. Na New York ɗin ma, lokacin juyin juya halin Faransa manoma sun kwashe su suna rufe dankali, kafin daga baya attajirin Amurka Rockefeller ya saya a kan kuɗi wajen dala miliyan ɗaya. Waɗanda aka saka wa zaren zinariya su suka fi shan wuya, a 1797 gwamnatin Faransa ta ƙona wasu don ta tace ƙarfen.

Ɗan Masaƙa: Ba sai an je Faransa ba, 'yata. Rigar saƙi ta kakana, wadda ya saƙa da hannunsa aka yi shekara ana ɗinkin wuyanta, na dawo daga tafiya na tarar an yanka an yi wa jariri ƙunzugu da ita. Wai ta tsufa. Masaƙar kuma aka hura wutar suna da ita. Har yau in na tuna sai in tashi daga wurin.

Gwani na Zango: Allah ya huci zuciyarka Baba. A nan ba ni da abin dariya.

Maman Nabila: Na koma yau Laraba, tunda Nabila ba ta da makaranta da yamma. Abu uku. Na ɗaya, Malam Abu Sumayya, teburin da aka ɗora abin kiɗan a kai an lulluɓe shi da darduma mai zanen gabas, irin ta Turkawa, ka ga ba ka tashi a tutar babu ba. Na biyu, Baba, na duba ƙasan kowace saƙa, akwai wani yanki mai faɗi da jansa ya koɗe ya bambanta da na sama. Ashe a Boussac danshi da ɓeraye sun cinye gindin. Wani jami'in kula da kayan tarihi, Prosper Mérimée, ya kai ƙara a kansu a 1841, gidan tarihin ya saye su a 1882, aka sake saƙa gindin da zaren rinin zamani. Sabon ya koɗe, na 1500 yana nan da jansa.

Na uku, sarƙar. Na tsaya ta dama, na tsaya ta hagu, na tsuguna har mai gadin nan ya sake gyaran murya. In na kalli hannunta sai in ga sakawa take yi, in na kalli yadda baiwar ta miƙo akwatin sai in ga ɗauka. Na tambayi Nabila. Ta ce ita ba ta kalli sarƙar ba, tana ƙirga zomaye ne saboda Baba, kuma wani ɗan Japan ya tare mata gaba ta manta inda ta tsaya.

Ɗan Masaƙa: Ki ce mata ta fara daga ƙasa ta hagu, ta bi a gicciye. Kuma kada ta sa na gindin a lissafi, ba hannu ɗaya ba ne.